Gilashin Majalisar Jiharmu

Lokacin da arzikin man fetur ya shigo, jiharmu ta tura ni Landan in zauna da Turawan da ke zana mana sabon ginin majalisa. Ƙaramin mai zane ne ni. Ɗaki ɗaya na kama a unguwar Camberwell, sai in yi mako ban yi Hausa da kowa ba.

Mahaifina, wanda magini ne, ya sa aka rubuto mini wasiƙa: "Ka ce musu su kaurara bango, su ƙanƙanta taga, kada ginin ya fuskanci yamma." Na ninke ta na sa a aljihun kwat.

Ran nan babban mai zanen ya tambaye ni yadda muke gini saboda zafi. Na ji kunyar ambaton ginin ƙasa a gabansu. Na ce gilashi muke so ko'ina.

Haka aka gina shi. Azahar na wucewa ofisoshin yamma ba sa zaunuwa, har ma'aikata suka lilliƙe tagogin da jarida. Mahaifina ya je ya gani sau ɗaya. Har ya rasu yana zaton Turawan ne suka ƙi jin maganarsa, ni kuma na bar shi a haka.