Katin da Direba Ya Kawo wa Gwaggo

A shekarun da aka yanke layin waya a arewa maso gabas saboda rikici, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta kusa da Ƙofar Nassarawa, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje yana leƙe. Mutanen can sun koma naɗar murya a katin memori na waya, su ba direba ya kawo Kano. Wata rana bayan la'asar sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da irin wannan kati ƙulle a bakin mayafi.

'Yarta ta fari ce ke aure a can, kuma labarin ƙarshe da muka samu shi ne cikinta ya tsufa. Daga nan shiru. Amma Gwaggo Bafulatana ce ta ainihi, ko da yake rabon gidanmu da shanu tun zamanin kaka. Ba ta taɓa kama sunan 'yar fari ba, balle ta nuna ta damu da ita.

"Kanwa na zo saye a Kurmi, na ce bari in biyo," in ji ta. "Wai mijin yarinyar nan ne ya aiko. Wayoyin gida duk sun ƙi buɗe shi. In kana da aiki bar shi kawai."

Ban ga kanwa a hannunta ba. Na jawo mata kujera.

Ina da wani ɗan umarni da na haɗa da kaina a shel, wato inda ake rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi, na raɗa masa suna ciro. Aikinsa ya buɗe kati ya kwafo fayil. Sai dai wannan katin ya sha wuya a hanya, ba ya taɓuwa sai da ikon root, mai gidan kwamfutar, wanda ake neman izininsa da kalmar sudo. Na buga sudo ciro da ƙasaita, don Gwaggo ta ga ba a banza aka kai ni makaranta ba. Kwamfuta ta ce ita ba ta san wani ciro ba.

Raina ya ɓaci, don kullum da shi nake aiki. Can na tuna a shel ɗina kaɗai yake zaune, root bai taɓa jin labarinsa ba. Kamar ka je wa mai unguwa da sunan da ake kiran mutum a tsakar gida ne. Na kwashe rubutun umarnin gaba ɗaya da wani umarni mai suna declare -f, na miƙa wa sabon shel ɗin da root zai buɗe, sai ya gane shi.

Fayil ɗaya ne a katin. Surukin namu malamin makaranta ne mai ladabin da har ya yi yawa, ba zai iya yi wa surukarsa guntun suna ba ko a fayil. Ya rubuta: Zuwa ga Inna tare da gaisuwa da fatan alheri. Na sa sunan cikin alamar zance kamar yadda ya kamata, na danna. Sai allo ya cika da layi-layi, kowanne yana cewa babu fayil ɗin. Ni kuwa da shegen halin karanta allo a fili, na hau cewa babu, babu, babu.

"Babu me?"

Gwaggo ce ta tambaya, ta ɗauka mugun labari nake karantawa, kuma tausayinta ya kama ni sosai. A waje maƙwabta sun fara jan ƙofofin shaguna saboda dokar hana fita, adaidaita sun yi wuya, ga shingayen bincike tsakaninmu da Gwale, unguwar su Gwaggo. Na ce ta tafi, gobe na kawo mata gida. Ta ce ƙafarta ce ke ciwo, bari ta ɗan huta.

Na nutsu na duba. Shel na farko ya cinye alamun zancen kafin ya miƙa saƙo, na biyu sai ya ga kalmomi a warwatse, ya shiga neman kowacce a matsayin fayil. Na cire sunan daga cikin umarnin, na miƙa shi daban a ƙarshen layi, a ciki kuma na rubuta "$@" da alamunsa, wato a ɗauki abin da aka miƙo yadda yake, don sunan ya isa a dunƙule. Wannan karon allo bai ce komai ba. Na kunna lasifika.

Suruki ya fara da gaisuwa, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabta, har na fara tunanin in tura gaba. Sai ga muryar 'yarta, a gajiye amma tana dariya: "Inna, na sauka lafiya, namiji ne. Lafiyarmu ƙalau." Jariri ya tsala kuka a bayanta.

Na yi kabbara har mai shayin gefe ya leƙo. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Wannan angon nawa muryarsa ba daɗi," ta ce. "Ka ce musu na fasa."

Na ce to bari in sake sa mata kukan, ko za ta sauya ra'ayi. Ta girgiza kai, idonta na kan lasifikar.

"A'a, ɗan nan. Mayar baya kaɗan. Inda uwar take magana."