Takardun da Ba Su Bar Ofishin Mama Ba

Littafin yana nan a akwatina har yau, mai shuɗin bango, irin wanda muke saye a bakin ƙofar jami'a. A tsakiyarsa akwai zanen wata bishiya da na yi da jan biro da baƙi, rassanta duk sunaye ne da lambobi. Na zana ta ne a wata damina, ina aji uku a sashen kwamfuta, cikin kwana ukun da na kusa kunyata matar da ta koya mini riƙe fensir.

Mama muke ce mata, mu da iyayenmu duka. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta koyar da mu a firamare, da ta yi ritaya kuma ta buɗe 'yar makarantarta a bayan gidanta a Samaru, azuzuwa shida da ofis ɗaya. Shekara guda kafin wannan labari, tambayoyin jarrabawarta sun fita. A wani shagon buga takardu aka kai aikin, kafin Litinin rabin 'yan aji shida sun haddace amsoshi. A taron iyaye Mama ta miƙe ta yi alkawari: daga ranar, takardar jarrabawa ba za ta ƙara barin ofishinta ba sai zuwa hannun ɗalibi. Ta sayi kwamfuta tokumbo da firinta, ta ajiye a kan teburinta, ta ɗinka musu riga da atamfa.

Ba a yi wata biyu ba bairos ya cinye kwamfutar, don kowane malami da filash ɗinsa yake zuwa. Ni na sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya duba. Firintar ta ƙi aiki da farko, sai da na ɗauko direbanta daga intanet na sa da hannu, wato 'yar manhajar da ke fassara wa firinta abin da kwamfuta ke nufi. Daga nan muka samu lafiya kusan shekara.

Sai ranar wata Alhamis wata abokiyar karatuna ta ara mini faifan sabuwar fitowar tsarin. Jarrabawa Litinin. An gama buga tambayoyi a kwamfuta, saura a fitar da su a takarda. Ni da ake yi wa shaidar natsuwa, ban iya jira a gama ba. Ina son Mama ta ga sabon abu daga hannuna.

"Ke, abin da ke aiki lafiya lau, me za ki gyara masa?" in ji ta, tana duba rajista.

"Sabuntawa ce kawai, Mama. Minti arba'in."

"To. Ni dai tsohuwa ce, ban ga an sabunta ni ba."

Ya kamata in bayyana wani abu. Wannan tsari ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙunshi-ƙunshi ne sama da dubu, kowanne da aikinsa, kowanne kuma yana jingine da wasu. Wannan zai ce ba ya aiki sai da wancan, mai lamba kaza ko sama da haka. Wani kuma zai ce ba ya zama wuri ɗaya da wane. Akwai wata manhaja da ke kula da su duka, mu a aji muna ce mata sarkin kasuwa, don ita ke raba wa kowa rumfa.

Aiki ya yi nisa, ya wuce rabi, sai sarkin kasuwa ya tsaya. Na sake kunna kwamfutar, abin da bai kamata in yi ba. Ba hoto, ba linzami, wato 'yar kibiyar da ake juyawa a allo, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyaftawa. Garin neman ƙiba na samo rama.

Mama ta cire tabarau ta daɗe tana kallon allon.

"Tambayoyina suna ciki?"

Na duba, suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Na ce mata ana iya kwashe su a filash a kai shago a buga. Ban rufe baki ba na gane abin da na faɗa. Wani malami da ya leƙo ya ce akwai mai gyara a Sabon Gari, a kai masa akwatin kwamfutar ya yi foma, wato ya goge tsarin ya sa sabo, gobe a ɗauko.

"Akwatin da tambayoyina a cikinsa? Ya kwana a shago?" Ta mayar da tabaranta. "Ba filash, ba akwati. In ta ƙi, ranar Litinin in ɗauki alli in rubuta a allo aji-aji, iyaye su ce tsohuwar ta fara ruɗewa." Sai ta juyo gare ni. "'Yata, ke kika kwance, ke za ki ɗaure."

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fito da littafina na kwafe duk abin da allon ya rubuta, harafi bayan harafi, har da aya da waƙafi. Shafi uku. Ofishin ba intanet, don haka duk tambayar da zan yi sai na ɗauke ta da ƙafata.

Kafe-kafen intanet na Samaru a lokacin cike suke da ɗalibai, yawancin masu su kuma sun hana sa filash. Akwai guda a Sabon Gari, a saman bene kusa da masu sayar da kayan wuta, na wani ɗan kabilar Ibo da aka haifa a unguwar. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ajinmu. Ranar Juma'a da safe na shiga bas, na sauka, na hau benen, na sayi tikitin awa ɗaya.

"A'a, Hajiya Injiniya!" in ji mai kafen. "Yau ma da littafi? Mutane suna zuwa gaisawa da samari, ke kina zuwa rubuta jarrabawa."

Na sunkuyar da kai na wuce. Tun da nake zuwa wurin, bayan gaisuwa da "awa ɗaya" ban taɓa ce masa komai ba.

Na buga layin kuskuren kamar yadda na kwafo. A wani zauren tattaunawa na tarar da wani a wata ƙasa mai nisa ya taɓa faɗawa ramin da na faɗa. Ashe direban da na sa da hannu bara shi ne matsalar. Ba ya cikin faifan, don haka ba a sabunta shi ba, ya zauna daram a kan wani fayil da sabon ƙunshin buga takardu ke son ajiye nasa. 'Yan kasuwa biyu, rumfa ɗaya. Sarkin kasuwa ya ƙi raba gardama, duk na bayansu kuma suka tsaya a layi. Na sauko da sabon direba na koma Samaru.

A ofis na umarci sarkin kasuwa ya gyara abin da ya karye. Ya yi ɗan tunani, ya jero sunaye cike da allo, a ƙasa ya tambaya: a ci gaba, e ko a'a? Yatsana har ya hau kan maɓallin. Na ɗauke shi na fara karantawa daga sama. Ba ƙari zai yi ba, cirewa zai yi, ƙunshi sittin da uku, cikinsu har da manhajar rubutun da aka buga tambayoyin da ita, wadda ba ni da hanyar dawo da ita kafin Litinin.

"Me yake cewa?" in ji Mama.

"Wai a kan mutum ɗaya zai rushe layin kasuwa gaba ɗaya."

"Ki ce masa a'a. Ai shi ya sa ba a ba kowa sarauta."

Na ce a'a. Na koma ƙasa da shi, wurin ƙaramar manhajar da ke sa ƙunshi ko cire shi ɗaya-ɗaya, na tilasta mata ta fitar da tsohon direban shi kaɗai. Sannan na ce a ƙarasa abin da aka bari rabi. Rubutu ya fara gudu a allo kamar an buɗe famfo. Bayan minti ashirin hoto ya dawo, linzami ya motsa, tambayoyin aji shida suka buɗe. Mama ta ce, "Godiya ga Ubangiji." Amma da na zo sa sabon direban, sai ya ce shi ma ba ya aiki sai da wasu biyu da babu su a faifan. Kwamfuta ta tashi, firinta na kwance.

A nan na gane in na ci gaba a haka, kowane ƙunshi zai ci mini tafiya guda, don waɗannan biyun ma ba mamaki suna da nasu. Sai na kwafe jerin duk abin da ke cikin kwamfutar da lambobinsu a filash. Asabar da safe a kafe ban sauko da komai ba sai da na zana bishiyar. Direba a gindi, rassa biyu a kansa. Na buɗe shafin kowanne na rubuta abin da yake nema, wanda muke da shi da lambar da ta isa in sa masa baƙin maki, wanda babu in zagaye da ja in bi nasa rassan. A gefen kowane ja na rubuta girman fayil ɗin yadda shafin ya nuna. Ba wanda ya ce in yi haka, hali ne kawai. Jajaye biyar suka fito. Ina cikin sauko da na biyar lokacina ya ƙare, allo ya kulle. Na duba filash a kwamfutar kusa, sunaye biyar suna nan, na kama hanya.

Huɗu suka shiga lafiya. Na biyar ya ce a karye yake. Na duba girmansa, na duba littafi. Bai kai kashi biyu cikin uku ba. Agogon kafe ya yanke shi a tsakiya, ya bar mini suna da rabin jiki.

La'asar ta yi, hadari ya haɗu ta gabas, kafen kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi. Mama ta miƙo mini lemarta, na sake shiga bas.

Kafin mu kai Kwangila ruwa ya sauko. Na isa benen gefen hijabina yana ɗiga, na tarar an ɗauke wuta, janareto na ruri, kowace kujera da mutum, wasu shida suna jira a benci. In na bi layi sai an rufe. Kwamfuta ɗaya ce ba agogo a kanta, ta kan kantar mai kafen, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Na je na tsaya a gabansa.

"Oga, don Allah ina da magana."

Ya dafa ƙirji. "Jama'a, ku zo ku ji! Ashe tana magana!"

'Yan benci suka yi dariya. Na buɗe littafin na juya masa shi, na nuna jar da'ira ta ƙarshe. Na ce fayil ɗaya nake nema, agogonsa ya yanke mini shi ɗazu, kuma in ban koma da shi yau ba, malamata za ta karya alkawarin da ta yi wa iyayen yara.  Ya karɓi littafin ya bi bishiyar da yatsa tun daga gindi.

"Ke kika yi wannan? Da hannu?" Ya tashi daga kujerarsa ya kakkaɓe ta. "Zauna, ƙanwata. Kowa ya yi haƙuri, injiniya na aiki."

Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Da ya gama ban tashi ba sai da na gwada girman da na littafi, lamba bayan lamba. Suka yi daidai. Mai kafen yana tsaye a kaina yana cewa ko banki ba sa ƙirga haka.

Na iso Samaru rana ba ta faɗi ba. Mama ta sa an tayar da ƙaramin janaretonta. Na biyar ya shiga, direba ya bi bayansa, sarkin kasuwa ya duba ya ce babu sauran rigima. Na buɗe lissafin aji shida na danna. Firintar ta yi shiru har na fara karanta addu'a, sannan ta yi ƙara, ta ja takarda.

Mama ta ɗauki shafin da ɗuminsa, ta kai kusa da taga ta karanta tun daga sunan makaranta har tambaya ta ƙarshe. Ranar Lahadi bayan ta dawo coci muka buga sauran, ni ina jerawa, ita tana ƙirgawa tana sawa a ambulan. Ta zuba su a kabad, ta kulle, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

"Tambayoyina ko ƙofa ba su leƙa ba," in ji ta.

Na ce ai ni na gan su.

"Ke?" Ta yi dariya har tana riƙe tebur. "Ke da gaisuwa ma sai an roƙe ki? Ai kin fi kabad ɗin nan riƙe sirri."

Ban gaya mata abin da ya faru a kafe ba. Ranar Litinin ina da lacca ƙarfe takwas, amma na bi ta bayan gidanta. Ta taga na hango ta a aji shida, ta ɗaga ambulan sama a gaban yara don kowa ya ga a rufe ya zo, sannan ta yage bakinsa.