Jirgin da Injiniya Zai Ci Ya Ƙoshi

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai a cikinsu ba, amma Talatar da Anti Fiddausi ta turo ƙofar ofishinmu da keken jaririnta tana nan daram a kaina. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan, Hajiya Rakiya ta ce in rubuta muku wani abu kan yadda ake zaɓar wa mutum jirgin ruwan shaƙatawa. Ni ba na iya dogon bayani. Labari ɗaya zan ba ku, wanda ya gane ya gane.

Lokacin ina shekara ta biyu a ofishin nan na Beltsville, ban wuce mai ɗaga waya da yanka tikiti ba. Aikinmu kun san shi: Kano, Abuja, Yamai, sai Umara. Tafiyar jirgin ruwa sabuwar aba ce a wurinmu, kuma Hajiya, mai ofishin, ta ɗora min ita saboda wai bakina ba ya gajiya.

Ga abin da ya kamata ku sani tukuna. Jiragen iri biyu ne. Akwai tsofaffi, ƙanana, masu tashi daga Baltimore, nan kusa. Mutum ya shiga motarsa ya je, babu jirgin sama, babu cire takalmi a layin bincike. A cikinsu babban ɗakin cin abinci ɗaya ne, a ba ka teburinka, kullum nan za ka zauna da mutanenka har a dawo. Akwai kuma sababbin nan, ƙatti kamar unguwa guda a kan ruwa. Su ba sa zuwa Baltimore, tsayinsu ba zai bar su su shige ƙarƙashin gada ba, sai an bi su Florida. Gidajen abinci a cikinsu birjik, wuraren wasa birjik. In ka rabu da ɗan'uwanka da safe, sai ku wuni ba ku haɗu ba.

Anti Fiddausi haihuwar ƙasar nan ce. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa. Mahaifinta, Baba Lawal, ya yi shekaru yana aiki a sashen Hausa na gidan rediyo kafin ya yi ritaya, suna zaune a garin Clinton shi da Mama, mahaifiyarta. Mijinta kuwa, Injiniya Sadisu, daga Katsina ya zo da girmansa.

Ta zauna, ta ce tana son tafiyar mako guda, mutum huɗu da jariri. Tsohon jirgi take so. Mama tana fama da gwiwa, ba za ta iya filin jirgin sama da dogayen lungunan ƙaton jirgi ba. Na ce magana ta yi kyau. Sai ta matso da kujera, ta rage murya.

Ta ce, da Turanci, “Abin da na fi so shi ne teburin nan ɗaya. Tun da muka yi aure mijina bai taɓa cin abinci a gidanmu ba. Kullum ya ƙoshi. Mama ta wuni a kicin, shi ya ce ya ƙoshi. Na fara tunanin ba ya son iyayena ne. A jirgi dai babu inda zai gudu.”

Idonta ya kawo ruwa. Ni ba na iya rarrashi, sai na miƙa mata tishu na juya ga kwamfuta. Na kama musu ɗaki biyu a tsohon jirgin. Ƙa'idar ita ce kamfani yana riƙe maka ɗaki na 'yan kwanaki, in ba ka tabbatar ba ya sake shi ga wani. Namu zuwa Juma'a ne.

Washegari sai ga Injiniya, shi kaɗai, da rigar aiki. Dogo, mai sanyin magana, irin wanda zai gaishe ka har ka gaji. Ya tambayi aiki, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Funtuwa da ya ji can ne garinmu. Ina ta kallon agogo.

Daga ƙarshe ya ce, “Malama Zuwaira, na ce ko za a duba mana babban jirgin nan. Sabo ne, ai ya fi aminci.”

“Duk ana duba lafiyarsu, Injiniya. Tsohon ma ba kwale-kwale ba ne.”

“To, na ga akwai wurin zamiya na ruwa. Saboda yaro.”

“Yaron da ko zama bai fara ba?”

Ya gyara gilashi. Ya ce an ce intanet ta fi ƙarfi a babban. Na ce hutu za ku je ko ofis? Ya ce an ce ƙaramin yana jijjiga. Nan haƙurina ya ƙare. Na rufe kwamfutar.

“Injiniya, ina da mutum uku masu jiran tikitin Umara. Teburin ne, ko?”

Wallahi gumi ya karyo masa, ga na'urar sanyi tana aiki. Ni ai 'yar Funtuwa ce. Mijin yayata, in ya hango Babanmu a bakin layi, sai ya canja hanya ko da jakar shinkafa ce a kansa. Tun jiya da Anti Fiddausi take magana na san ba ƙiyayya ba ce, kunyar suruki ce. Ita dai ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata.

Ya ce, kansa a ƙasa, “Ta yaya zan buɗe baki in sa loma a gabansa? Mako guda, safe da dare? A babban jirgin zan iya ɓacewa in ci wani wuri.”

“Gwiwar Mama fa?”

“Shi ne abin da ya hana ni barci.”

“To ka faɗa wa matarka mana.”

“Na taɓa gwadawa. Dariya ta yi, ta ce ai Babanta ba haka yake ba, ya waye. Daga baya ta yi fushi.” Ya miƙe. “Ki bar shi a ƙaramin. Zan ce ina azumi.”

“Mako guda? A jirgin shaƙatawa?”

Ya roƙe ni kada in ce mata komai, ya fita.

Yana fita na jawo waya. A ganina abin bai kai ya kawo ba: in kira Anti Fiddausi, in ce mijinki ba ƙin iyayenki yake ba, kunya ce, ku daidaita ku bar ni in yi aikina. Na fara danna lamba sai na ji hannu a kan nawa. Hajiya Rakiya ce. Duk abin nan tana jin mu daga teburinta. Ita mutuniyar Maraɗi ce, jirgin ruwa ma bato take ce masa.

“Ke ɗiyata, aje wayar ga. Wa ya aike ki?”

“Hajiya, gaskiya zan faɗa mata.”

“Gaskiya ce, amma ba a bakinki za ta ji ta ba. In kin faɗa, kin tona mijinta, kin kuma nuna mata baƙuwa ta fi ta sanin gidanta. Mi ƙa'idarmu ta ce in akwai tsoho cikin bato?”

Ƙa'idar, ku ma ku riƙe ta: duk dattijon da zai yi tafiya, sai an kira shi da kansa an tambaye shi abincinsa, maganinsa, da yadda yake da tafiyar ƙasa. Ba a wadatuwa da abin da 'ya'ya suka faɗa. Na ce to me wannan zai gyara? Ta ce, “Ke dai kira.”

Na kira Baba Lawal. Ya ce ba ya son maganar waya, ya sha magana da mutanen da ba ya gani a rediyo, zai zo da kansa.

Ranar Alhamis ya zo, da farar hula da sandar da ba ya dogarawa a kanta, riƙewa kawai yake. Muryar nan tasa, kana ji ka san ta. Ya ce, “To 'yata, ba ni labarin jiragen nan biyu, kamar ban taɓa ganin ruwa ba.”

Na zayyana masa. Babban: lifta ko'ina, gidajen abinci iri-iri, kiɗa, jama'a kamar kasuwa. Ƙaramin: kafet ya ɗan tsufa, ɗakunan ba su da faɗi, amma daga ɗaki zuwa wurin cin abinci ba nisa, kuma akwai baranda da ta zagaye jirgin, da kujeru a jere suna kallon ruwa.

“Mamanku ƙaramin za ta iya,” in ji shi. “Wannan ba gardama. Abincin daren fa, zama ɗaya ake yi?”

“Zama biyu ne, Baba. Ɗakin ba ya ɗaukar kowa lokaci guda. Akwai na wuri, akwai na bayan isha. Amma Anti ta ce a haɗa ku duka a teburi ɗaya.”

“Ki sa ni da Mamanku a na wuri. Su ki sa su a na baya. Likita ya hana mu cin abinci in dare ya yi.”

Na ɗauki biro zan rubuta, sai na tsaya. “Baba, da gaske likita ya ce haka?”

“Zai ce. Yaron abokina ne.”

Hajiya ta tuntsire da dariya daga can. Ni kuwa baki buɗe.

Ya ce, “Kina tsammani ban sani ba? Duk ranar da yaron nan ya zo gidana, in an sauke abinci, sai in tuna ina da saƙo a shago. In je in yi ta zagaye tsakanin kantoci ba na sayen komai. In na dawo in ga kwanon ya ragu, in gode wa Allah. Fiddausi tana ɗaki wurin yaro, ba ta ganin wannan. Ita abin da take gani shi ne wanda ya ce ya ƙoshi a gabana.”

Kun san ni. Na ce, “To Baba, me zai hana ku ce masa ya ci kawai, kowa ya huta?”

Ya dube ni ta saman gilashi. “In na ce ya ci, zai ci, don ba zai ƙetare maganata ba. Amma ba zai ƙoshi ba. Ni ma na yi wa mahaifin Mamanku wannan kunyar, kuma bai taɓa ƙwace min ita ba. Abin da yaron nan ya zo da shi daga gida ke nan ya ba ni. In mayar masa?”

Na rubuta zama biyu a takarda, sannan na ɗago.

“Anti fa? Za ta zo ta sauke min kwandon masifa.”

“Ki ce ni na ce. Sauran ki bar min, 'yata ce. Laifina ne da na koya mata Hausa ban koya mata wannan ba.”

Na tabbatar da ɗakunan a ranar. Da yamma Anti Fiddausi ta kira, ranta a ɓace, ta ce an rusa mata shiri. Na ce umarnin Baba ne da likitansa. Harshena yana ƙaiƙayi, amma Hajiya tana tsaye a kaina kamar soja, ban ƙara ko kalma ba.

Suka tafi, suka dawo. Bayan 'yan kwanaki sai ga Anti Fiddausi da leda, ta ajiye min kwalbar turare da ƙaramin jirgin roba na saka makulli. Ba ta zauna ba ta fara magana, rabi Turanci rabi Hausa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ta ce tun ranar farko Baba ya ja ta barandar jirgin, ya zaunar da ita, ya yi mata bayanin komai, har da zagayen shago. Ta ce ta yi kuka, ta yi dariya, ta koma ɗaki ta rasa yadda za ta kalli mijinta. Da dare su biyu suke cin abincinsu, Baba da Mama suna riƙe da jariri. Injiniya har ƙari yake nema.

“Amma ba shi na zo faɗa miki ba,” in ji ta.

Kullum bayan la'asar Baba yana zama a kujerun barandar nan. Jirgin ƙarami ne, duk inda ka bi sai ka bi ta nan, don haka Injiniya ba shi da hanyar kaucewa. Sai ya tsaya ya gaishe shi, Baba ya nuna masa kujerar gefe. Kujerun a jere suke, duk ruwa suke kallo, ba mai fuskantar wani. Haka suke zama, suna hirar Katsina da ta rediyo. Ranar da za su juyo gida, Baba ya ɓare lemo, ya ci rabi, ya miƙa rabin gefe ba tare da ya juyo ba, idonsa na kan teku. Anti Fiddausi tana bayansu da yaro a kafaɗa, tana gani. Injiniya ya daɗe da lemon a hannu. Sannan ya ci.

“Ya ci a gaban Baba, Zuwaira!”

Hajiya ta ɗago daga teburinta. “A'a ɗiyata, ba gabansa ba. Gefensa.”

Har yau in na tuna hannun Hajiya a kan nawa ranar Larabar nan, sai in yi mata addu'a. Da ta bar ni, da na faɗi gaskiya, da kuma na ɓata komai da ita. Baba Lawal ma ina gode masa. Yakan leƙo ofis jefi-jefi, ya ce ya zo duba ko bakina ya ragu. Bai ragu ba.

To ku sababbi, ga abin da na koya. In mutum ya zauna gabanku yana cewa babban jirgi ko ƙarami, kada ku fara da lissafa masa wuraren wanka da gidajen abinci, duk yana iya gani a wayarsa. Ku tambayi su wa za su tafi, wane ne wane a wurin wane. Wasu iyalan suna bukatar ƙaton jirgi don kowa ya samu inda zai ɓuya, kuma na sayar wa irinsu da yawa, sun dawo suna godiya. Wasu ƙaramin ne zai haɗa su. Mutanenmu ba za su faɗa muku dalilin ba, za su ce intanet, za su ce wurin zamiya. Ku saurara har ku ji abin da ba a faɗa ba, in kun ji kuma ku riƙe bakinku, ku kira dattijon.

Bana ma sun sake kama ɗaki a tsohon jirgin. Injiniya da kansa ya kira. Na ce zama ɗaya ko biyu?

Ya ce, “Biyu mana, Malama Zuwaira. Lemo daban, tuwo daban.”