Shekarar da Damina Ta Same Mu a Ikko

Jiya na buɗe gwangwanin gishiri na tarar ya yi danshi ya dunƙule, sai na tsaya riƙe da shi har jikata ta tambaye ni ko lafiya. Mu a Matameye gishiri bai cika yin haka ba sai damina ta yi nisa. Amma na taɓa zama a garin da gishiri ke narkewa a kwano ba wanda ya zuba masa ruwa.

Ina yarinya, mahaifina kan tafi cin rani Ikko duk shekara. Yana da ɗan tebur a bakin kasuwa, yana sayar da madubi da tocila da laima. Ruwan can yakan riga namu sauka nesa ba kusa ba, don haka kakana, mahaifinsa, ya kafa masa doka: da ruwan farko ya taɓa ƙasa a Ikko, ya ɗaure kayansa ya kamo hanya. Ta haka yakan iso da sauran lokacin yi wa soro yaɓe, ya gyara indararo, ya share gona. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, Kaka kuwa ƙarfinsa ya fara ja baya.

Wata shekara ya tafi da mu, ni da Inna. Muka hau kamiyo, wato babbar motar kaya, ta Daura zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa. Kaka ya raka mu har bakin hanya yana tsokanata, wai amaryarsa za ta gudu ta bar shi.

Ban san yadda zan kwatanta maka iskar garin nan ba. Nauyi gare ta, tana manne wa fata kamar jiƙaƙƙen zane. Inna takan shanya wanki da safe, har la'asar bai bushe ba. Takalmin fata na mahaifina ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Da yamma kuma sai wata iska mai sanyi ta taso daga teku, mai ƙarnin kifi, kowa ya fito ƙofar ɗaki ya saki jiki. Kaushin ƙafata da na saba da shi tun tasowata ya warke sarai. Ga kifi, ga kwakwa, ga ayaba kamar a banza. Na so garin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ruwan farko ya sauka lokacin da na san a gida ana tsakiyar zafin bazara, kaji na haki a gindin randa. Ranar kuwa kafin azahar laimomin mahaifina suka ƙare tas. Ya saro wasu, su ma suka ƙare. Muna cin abinci ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ya kamata mu fara shiri." Inna ta ce, "Haka ne, Malam." Ba wanda ya tashi ya ɗaure ko tsinke. Ba a taɓa zama an ce an fasa tafiya ba. Kullum dai sai a ce bari wannan ruwan ya ɗauke, ruwan Ikko kuwa ba ya ɗaukewa. Yakan wuni yana zuba, ya kwana, gari ya waye yana yayyafi. Ni da yaran maƙwabta muna ta tsalle a cikinsa, murna fal cikina duk ranar da ba a yi zancen gida ba.

Wani mutumin Tsauni ne, ƙauyen da ke kusa da mu, da ya sauka daga jirgi, ya nemo mu a kasuwa. Ya ce bana damina ta faɗi da wuri a wajenmu, da ƙarfi kuma. Soron Kaka ya fara yoyo, ya jira ɗansa har ya gaji, sai ya kafa tsani ya hau da kwandon laka a ka. Ƙafarsa ta zame. Ƙashin ƙugu ya karye.

Nan take mahaifina ya miƙe. Ya naɗe tebur da sauran laimomi ya bar wa maƙwabcinsa, washegari muka kamo hanya.

Mun tarar da Kaka kwance a ɗakin gwaggona, mai ɗori ya yi iya yinsa. Gero ya kai gwiwa a gonakin mutane, tamu kuwa rabi aka shuka, shi ma maƙwabta ne suka taimaka. Mahaifina ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, na makara." Kaka ya ce, "Kun iso lafiya? To, alhamdu lillahi. Ina amaryata?"

Da ya yi faɗa, da ya fi mana sauƙi. Bai sake takawa ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Abin da yake so kawai in zauna kusa da shi in ba shi labarin teku. "Wai da gaske ne ana ruwa can alhali nan rijiya na ƙafewa?" In ce da gaske ne. Ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Kin yi wasa a ciki?" In gyaɗa kai. Mahaifina yakan tsaya a bayan asabari yana jinmu, ya kasa shigowa. Bai ƙara zuwa Ikko ba har ya bar duniya. Kaka ya rasu kafin damina ta zagayo.

Yau yawancin gidajen unguwarmu rufin kwano ne, ba mai hawa yaɓe. Samarinmu har yanzu suna tafiya, sai dai ba sa jiran wani ya sauka daga jirgi ya kawo musu labari, salula na aljihunsu. Autana yana can kudu da iyalinsa. In hadari ya fara haɗuwa yakan kira ya ce, "Hajiya, in zo ne? Akwai abin da ya lalace?" Katangar bayan gida ta tsage tun bara, gwiwoyina kuma ba sa kai ni ko bakin kasuwa. Sai in ji bakina yana cewa, "Zauna abinka, lafiya lau muke. Ku an yi muku ruwa?"