Safiyar da Na Makara da Ruwan Lamba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata safiya ta farkon damina ba, lokacin ina koyon aikin asibiti a Gusau, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Ni mutum ne mai nauyin barci, ba na ɓoyewa. A gidanmu na Tsafe, Inna ce ke tashina, wani lokaci sai ta yayyafa mini ruwan randa a fuska. Da na zo Gusau babu Inna, sai na dogara da ladanin unguwarmu, wani tsoho mai ƙaramar murya. In Allah ya sa na ji shi, na tashi. In ban ji ba, sai rana ta tashe ni. Abokan koyo suka mayar da ni abin tsokana, ni ma ina taya su dariya. A lokacin gani nake abin wasa ne.

Wanda ke koya mana aiki wani dattijon malamin asibiti ne, marar yawan magana. Ya yi wata biyu yana zarya zuwa wani ƙauye a bayan Bungudu, yana lallashin mutane su kawo 'ya'yansu a yi musu lamba, wato rigakafin agana. Mutane na tsoron abin ƙwarai, da ƙyar mai gari ya shawo kansu aka sa rana. Ruwan lambar ba ya son zafi, don haka ya kwana a firjin kananzir na asibiti. Malam ya wuce ƙauyen tun jajibiri, ya bar mini aiki ɗaya tak: in ɗauko akwatin ruwan lambar da asuba, in hau keke in same shi.

"Ka ji ko, ɗana? Da asuba," in ji shi.

"In sha Allahu, Malam."

Gab da asuba ruwan farko ya sauko. Ɗakinmu rufin kwano ne, ƙarar ruwan ta danne muryar ladan, sanyi kuma ya ƙara lulluɓe ni. Da na buɗe ido, rana ta riga ta shigo ta ƙasan ƙofa. Ko sallah a gurguje na yi ta. Na ɗaure akwatin a bayan keke, na yi ta fama da laka, wani wuri in hau, wani wuri in tura.

Ni ɗan manoma ne, amma a hanya ban tuna abin da ruwan farko yake nufi ba sai da na ga gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bin su da iri. Ba manomin da zai zauna jiran wani alhali ƙasa ta jiƙe.

Na iske Malam da mai gari su biyu a gindin tsamiya, tabarmi shimfiɗe babu kowa a kai. Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Hannu kawai ya ɗaga ya nuna mini wata mata can nesa, goye da yarinya, ƙwaryar iri a kanta.

"Ita ce ta ƙarshe da ta tashi daga nan," ya ce. "Sau biyu mijinta na aiko mata, tana cewa a ƙara mata haƙuri."

Muka bi gonaki, muka samu yara ƙalilan. Mijin matar nan ya ce ba a taɓa masa ɗiya ranar shuka, mu dawo bayan kaka. Ba mu samu komawa ba sai da rani, lokacin agana ta riga mu shiga garin.

Muna cikin duba marasa lafiya aka kai ni wani ɗaki. Matar nan ce zaune, yarinyar a cinyarta, ba ta fi shekara uku ba. Ta tashi daga ciwon, amma idanunta biyu sun yi fari fat. Na kaɗa hannu a gabanta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Uwar ta dube ni, ta dubi akwatin da ke hannuna.

"Kai ne mai kawo maganin rannan?"

Na ce ni ne.

"Ayya, Malam. Wallahi mun jira ka."

Ba da zafi ta faɗa ba, har ruwa ta sa aka kawo mini. Na kasa sha. Na fita bayan danga na yi kukan da ban yi ba tun ina ƙarami.

Na san komai da ƙaddara, mutane da yawa sun faɗa mini haka, Malam ma ya faɗa. Amma na san kuma barcin wa ya cinye sa'o'in safiyar nan. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin asibiti, ban sake bari gari ya waye mini a kwance ba, kuma ba wata dabara na samo ba, tsoro ne ke tashina. Abin da na koya shi ne, a aikinmu in ka makara ba kai ke biya ba. Wanda ya yarda da kai ya zauna jiranka, shi ke biya, wani lokaci har iyakar rayuwarsa.