Daga Ƙofar Gida Zuwa Shagon Kawu

Yayana ya girme ni da shekara tara, amma ni na riƙa raka shi shagon Kawu kowace safiya har na gaji. Yana da otizim, haka likita ya rubuta mana da Faransanci. A unguwarmu ta Poumpoumré a Garoua kuwa cewa ake haka Allah ya yi shi, a wuce wurin.

Aikinsa a shagon ninke atamfa ne, kuma babu wanda ya kai shi iyawa. Matsalar ita ce zuwan. Tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, ni kuma na samu gurbin koyon ɗinki da safe, ba zan ci gaba da rakiya ba. Kawu ya ce shi dai ƙarfe takwas ya sani. In Yaya ba zai iya kawo kansa ba, zai ba wani wurin.

Sai muka nemi Madam, wata 'yar garin Guider da ke zuwa Garoua sau biyu a wata. Ergothérapeute ce, wato mai koya wa mutum yin harkokinsa na yau da kullum da kansa. Na zata magani za ta rubuta. Ba ta rubuta komai ba. Bin mu ta yi a baya har kwana uku, kamar mai gadi, ni kuwa ina ta cika ina batsewa.

A rana ta uku ta ce, "Ƙanwata, kin lura da lokacin da yake juyawa gida?"

Na ce, "Lokacin da taurin kansa ya motsa mana."

"A'a. Lokacin da aka tsayar da shi gaisuwa."

Haka ne kuwa. Hanyar a kansa abu guda ce, in an katse masa sai ya koma ƙofar gida ya faro daga farko. Ga shi unguwarmu ba a wuce mutum. Tsofaffin da ke zama ƙarƙashin darbejiya sai sun kama hannunsa suna jero gaisuwar Fulatanci, a waali jam, noy saare, ina Inna, ina gajiya, ba sa saki sai sun tambayi lafiyar kowa a gidan. Shi kuma ko ni ba ya son in taɓa shi.

Madam ta koya masa ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce "Jam", wato lafiya, ƙafarsa na tafiya. Sati biyu muna gwadawa a tsakar gida, Inna na kwaikwayon tsoho a kan tabarma. Sannan ta ba ni nawa aikin: in bi mutanen hanya in roƙe su kada su tsayar da shi. Ni, yarinya, in je in ce wa dattawa su rage gaisuwa! Na je. Wani Alhaji ya kalle ni ya ce, "'Yar nan, yanzu gaisuwar ma bature ya hana?" Na ce, "Baba, ba bature ba ne, aikin Yayana ne." Kafin in dawo gida ƙarata ta riga ni, wai ba ni da kunya. Inna ta sa na koma ba da haƙuri.

Duk da haka sun bari. Litinin ya isa shi kaɗai, Talata ma, har Alhamis. Ina laɓe a bayan katanga ina kallonsa, hannu a ƙirji, kai a ƙasa.

Ranar Juma'a ya yi nisa, har ya wuce darbejiyar, sai na ga ledar abincinsa a bakin ƙofa. Ban yi tunani ba. Na ɗauka na bi shi da gudu, na kama masa hannun riga na ce, "Yaya, tsaya mana, kai kullum sai ka manta abu!" Ya tsaya. Ya juya. Na roƙe shi, na yi ihu, bai ko kalle ni ba. Sau uku yana farowa daga ƙofa yana kasawa. Tara da rabi ya isa.

Na je na ce wa Kawu laifina ne. Ya ce, "Na ji, 'yata, kwantar da hankalinki. Zan riƙa aiko masa da atamfar gida a kan moto, ɗan babur ya kawo masa, ya ninke a ɗakinsa. Ba ya fi sauƙi ba?"

Inna ta yi ta sa masa albarka. Kowa ya ce an huta. Na ce ba ninkin muka sha wahala a kai ba, fitar ce, aka ce in yi shiru manya na magana.

Madam ta dawo bayan kwana goma, na faɗa mata komai ina jiran faɗa. Ta ce in saka takalmina mu je wurin Kawu tare. Ya saurare ta da ladabi, ya ba ta ruwan sanyi, ya ce zai duba bayan Sallah. Wannan Sallar ta wuce, wata ma ta wuce, har yanzu moto ke kawo atamfar.