Hannun Baba da Nauyin Ɗana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Arzika mai kifi, Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya ci tarwaɗa a kasuwar Dogon Dutsi ya san shi, ya kuma san bai taɓa mallakar ma'auni ba. Kwantar da kifi yake yi bisa tabarma, ya bi shi da taƙin hannu daga kai zuwa wutsiya, ya zagaya cikin da yatsu, ya faɗi nauyi. Kukun kwamanda kan zo da ma'auninsa na ƙarfe don ya kama shi da ƙarya, kullum ya koma yana tsaki.

Ni ce mai kore masa ƙuda, ina ji. Yakan ce mai taƙi biyu ba ninki biyu ne na mai taƙi ɗaya ba, ya kusa ninki takwas. Tarwaɗa mai taƙi uku kuwa, kilo biyu ce.

Bana na haifi ɗana na fari, Sani. Bayan suna aka ɗora shi a ma'aunin asibiti, aka ce kilo uku. Da na koma gidan miji a Ɗan Kassari, Inna uwar mijina ta dinga duban yaron tana cewa nonona ba ya riƙe shi. Har ta ɗaure akuya ƙofar ɗakina, wai in wata ya kama a cire shi daga nono, a koma ba shi na akuya. Barci ya gagare ni.

Wata hantsi na kwantar da shi bisa tabarma na bi shi da hannu. Taƙi uku cif. Kilo biyu ke nan. Yaron da ya yi uku yana jariri, wata huɗu ina ba shi nono, ya koma biyu. Ban ko wanke tukunya ba, na sa mijina ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, muka kama hanyar Dogon Dutsi ina kuka. Duk hanya bayana ciwo yake yi don goyo, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya ɗora shi a ma'auni, ya ce kilo shida har da ɗori. Na ce ya sake, ƙarfensa ya lalace. Ya tambayi inda na samo biyu, na faɗa masa. Sai da ya zauna don dariya.

"Ɗiyata, wanga yaro a tabki kika kamo shi?"

Da Baba na nan, na san ni zai yi wa faɗa, ba ma'auni ba. Shi bai taɓa faɗin nauyi ba sai ya duba irin kifin ya taɓa cikinsa. Rabin karatunsa na ɗauka na gudu da shi.

Bai bar mana gona ba, komarsa ta kamun kifi ma gara ta cinye. Abin da ya rage shi ne wannan hali na duba abu da kyau kafin a yi magana, kuma sai yanzu nake koyonsa. Sani yana nan kan nonona. Inna ta ce ai dama ita ba ta taɓa shakka ba.